Darasin Makamashi: Yadda Ake Cin Moriyar Mai Sau Biyu

Duk mai masana'anta ko otal ko asibitin kuɗi da ke dogara da janareta, idan ya sayi man dizal lita uku, ƙarfin lita ɗaya da ɗan ɗori ne kaɗai ke zama wutar lantarki. Sauran yana fita ne a matsayin zafi, wani ta salansa, wani ta lagireto, ya bi iska. Haka ƙirar injin take, ba laifin makaniki a ciki, kuma manyan tashoshin wuta masu ƙona iskar gas ko kwal su ma ba su tsira daga wannan hasara ba. Abin da ya bambanta wata ƙasa da wata, ko wani kamfani da wani, shi ne abin da suke yi da wannan zafi. Wasu sun ƙyale shi yana tafiya a banza, wasu kuwa sun mai da shi haja, suna auna shi da mita suna sayarwa.

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi dabaru biyu ne da ke tafiya tare. Ta farko ita ce samar da wutar lantarki da zafi mai amfani a tasha ɗaya, daga mai ɗaya, wadda za mu riƙa kira tsarin wuta da zafi. Ta biyu ita ce rarraba wannan zafi ta bututu zuwa gidaje da ofisoshi da ma'aikatu na unguwa ko gari baki ɗaya, wato ɗumama gari daga tushe guda.

Inda hasarar take

A tashar wuta mai aiki da tururi, irin ta Egbin da ke kusa da Ikorodu mai ƙarfin megawat 1,320, ana ƙona gas a dafa ruwa a babbar tukunya har ya zama tururi mai tsananin zafi da matsi. Tururin ya bugi farfelar injin ya juya ta, ita kuma ta juya janareta. Bayan ya gama aikinsa dole a sanyaya shi ya koma ruwa kafin a sake mai da shi tukunya, kuma a nan ne ake zubar da mafi yawan zafin, ko dai cikin kogi ko teku, ko kuwa ta manyan hasumiyoyin nan da ake gani suna fitar da farin tururi. Sabili da haka tasha irin wannan takan mayar da kashi 33 zuwa 40 cikin 100 ne kawai na ƙarfin mai ya zama wuta. Tashoshin gas na zamani, masu amfani da hayaƙin injin farko su dafa ruwan da zai juya inji na biyu, sukan kai wajen kashi 60, amma ko su ma kashi 40 yana tafiya.

A tsarin wuta da zafi, ana janye tururin ne daga injin tun yana da sauran ƙarfi, a tura shi ya dafa ruwan da za a kai wa masu buƙata. Yin haka yana rage wutar da tashar ke bayarwa kaɗan, amma a madadin kowane yunit ɗaya na wuta da aka rasa, ana samun zafi mai amfani kamar yunit biyar ko fiye. Idan injin dizal ne ko na gas, ba a ma rasa wutar, domin zafin da ake kamawa na hayaƙi ne da na ruwan sanyaya inji, waɗanda dama zubar da su za a yi. Ta haka jimillar abin da ake mora daga mai kan kai kashi 80 zuwa 90 cikin 100.

Lissafin riba

Bari mu ɗauka wata masana'anta tana buƙatar wuta yunit 35 da zafi yunit 50. Idan tana da injin wuta da zafi mai cin moriyar kashi 85, mai yunit 100 ya wadatar da ita. Idan kuwa wutar daga tsohuwar tasha mai kashi 35 take zuwa, to mai yunit 100 ya tafi a wutar kaɗai, sa'an nan tukunyar tururi mai cin moriyar kashi 85 za ta ƙona wani yunit 59 domin samar da zafin. Jimilla yunit 159 ke nan, wato haɗa aikin wuri ɗaya ya tsimin kashi 37 cikin 100 na mai.

Sai dai ya kamata mai lissafi ya lura da abin da yake kwatantawa. Idan tashar da ake gwadawa da ita ta zamani ce mai kashi 55, yunit 64 kawai za ta ƙona, a haɗa da 59 na tukunya ya zama 123, tsimin ya sauko wajen kashi 19. Saboda irin wannan bambanci ne Tarayyar Turai, a dokarta ta 2004 wadda aka shigar cikin dokar tattalin makamashi ta 2012, ta ce ba za a kira babbar tasha mai nagarta ba sai ta tsimin aƙalla kashi 10 cikin 100 idan an gwada ta da samar da wuta daban da zafi daban. Haka kuma duk wannan lissafi ya rataya ne a kan sharaɗi ɗaya, wato a sami mai amfani da zafin. Zafin da aka kama ba a sami mai saye ba, hasara ce aka ƙara mata kuɗin na'ura.

Tsohuwar dabara

Tun ƙarni na 14 mutanen garin Chaudes-Aigues a Faransa ke jan ruwan maɓuɓɓugar zafi ta bututun katako zuwa gidajensu. Amma a matsayin kasuwanci, an fara abin ne a Amurka a 1877, lokacin da wani injiniya mai suna Birdsill Holly ya shimfiɗa bututun tururi daga tukunya ɗaya zuwa gidaje a garin Lockport na jihar Niyok. A 1882, shekarar da Thomas Edison ya buɗe tasharsa ta wutar lantarki a Titin Pearl, an kuma fara sayar da tururi ta bututu a tsibirin Manhattan. Har yanzu kamfanin Con Edison yana gudanar da wannan tsari, da bututai masu tsawon fiye da kilomita 160 a ƙarƙashin titunan birnin, yana kai tururi ga dogayen benaye da asibitoci da otal-otal.

Duk da haka, a tsakiyar ƙarni na 20 dabarar ta ja baya a Amurka da Ingila. Mai ya yi araha, an riƙa gina manyan tashoshi nesa da gari, kusa da mahaƙar kwal ko bakin teku, inda babu mai sayen zafi. Wuta tana tafiya ɗaruruwan kilomita ta waya da ƙaramar hasara, amma ruwan zafi ba ya jure doguwar tafiya, kuma bututunsa yana da tsada. Sai da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo aka sake waiwayar lamarin. A 1978, zamanin Shugaba Jimmy Carter, majalisar Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa kamfanonin wuta su sayi rarar wutar da masana'antu masu tsarin wuta da zafi suka samar, a kan farashin da su kansu za su kashe in da su suka samar da ita. Wannan doka ce ta buɗe ƙofa ga matatun mai da masana'antun takarda da na sinadarai suka zuba jari sosai a wannan fanni.

Abin da Denmak ta yi

Ƙasar da aka fi kafa misali da ita ita ce Denmak. Tun 1903 ƙaramar hukumar Frederiksberg, wadda birnin Kofanhagan ya kewaye ta har ta rasa wurin zubar da shara, ta gina tashar ƙona shara, ta riƙa tura zafin zuwa asibitinta da wasu gine-ginen hukuma, tana kuma samun wuta. Amma abin da ya sauya ƙasar baki ɗaya shi ne rikicin mai na 1973, lokacin da farashin ganga ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. Tashin da ya cika baitulmalin Nijeriya a wancan zamani shi ne ya durƙusar da Denmak, domin fiye da kashi 90 cikin 100 na makamashinta man da take saye daga waje ne. Abin ya kai har gwamnati ta hana tuƙa mota ran Lahadi a hunturun wannan shekara. Wuya makarantar kare, in ji masu iya magana.

A 1979 majalisar ƙasar ta zartar da dokar samar da zafi. Dokar ta ɗora wa kowace ƙaramar hukuma aikin auna yawan zafin da gidaje da ma'aikatun yankinta ke buƙata, sa'an nan ta raba yankin kashi-kashi: inda jama'a suka yi yawa a shimfiɗa bututun ruwan zafi, wani wuri a kai iskar gas, ƙauyuka masu nisa kuwa kowa ya ɗumama gidansa da kansa. An kuma bai wa ƙananan hukumomi ikon tilasta wa masu gidaje su jona da bututun, ikon da aka daina ba da sabonsa daga 2019. Hikimar tilastawar a fili take. Mafi yawan kuɗin wannan tsari a binne yake a ƙasa, kuma bututun da ya ratsa titi mai gida 100 kuɗinsa ɗaya ne ko gida 20 suka jona ko duka. Idan kowa ya shiga, nauyin ya rabu.

Tun da an hana mai gida zaɓi, sai aka kare shi ta wata fuska. Doka ta ce kamfanin zafi ba zai caji abokin ciniki fiye da ainihin abin da ya kashe ba, wato kuɗin mai da gyara da albashi da biyan bashi. Yawancin kamfanonin mallakar ƙananan hukumomi ne ko ƙungiyoyin gama kai na masu amfani da zafin. Tabbacin cewa akwai masu saye na shekaru masu yawa ya sa suka sami bashi mai sauƙin ruwa da dogon wa'adi. Har ila yau, da farashin mai ya faɗi a 1986, gwamnati ta ƙara haraji a kansa domin kada jama'a su koma wa tukunyar mai ta cikin gida. A 1984 aka kafa kamfanoni biyu, CTR da VEKS, da suka haɗa tashoshin wuta da na ƙona shara na yankin Kofanhagan da manyan bututai, ta yadda a kowace sa'a za a ɗauki zafi daga tashar da ta fi araha.

Yadda abin ke aiki mai sauƙin fahimta ne. Bututu biyu ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa a ƙarƙashin ƙasa, an lulluɓe su da soso mai hana zafi fita. Ɗaya yana kai ruwa mai zafin digiri 70 zuwa 90, ɗayan yana komo da shi bayan ya huce zuwa wajen digiri 40. A kowane gida akwai 'yar na'urar da ke karɓar zafin ta bai wa ruwan gidan ba tare da ruwan biyu sun gauraya ba, da kuma mita mai ƙirga abin da aka sha. A tashoshi akwai manyan tankuna na ajiyar ruwan zafi, saboda haka ana iya tayar da inji lokacin da wuta ke da tsada a kasuwa, a adana zafin zuwa dare ko gobe. A yau kusan kashi biyu cikin uku na gidajen Denmak da wannan tsari suke ɗumama, a Kofanhagan kuwa wajen kashi 98 cikin 100 ne. Sashe na biyu na tashar Avedøre, wanda aka buɗe a 2001, yana cin moriyar fiye da kashi 90 na man da yake ƙonawa idan yana ba da wuta da zafi tare.

Wata fa'ida da ba a hango girmanta ba da farko ita ce, bututu ba ruwansa da asalin zafin. Denmak ta bar mai ta koma kwal, daga kwal ta koma gas da karan alkama da ɓarzajjen itace da shara, ba tare da an taɓa gidan kowa ba. Yanzu da iska ke ba ƙasar fiye da rabin wutarta, tashoshin wuta da zafi sun rage sa'o'in aiki, ana maye gurbinsu da manyan famfunan zafi masu aiki da lantarki. A 2024 aka rufe tashar kwal ta birnin Esbjerg, aka kafa famfon da ke tatsar zafi daga ruwan teku. A birnin Odense kuwa zafin da kwamfutocin cibiyar adana bayanai ta Facebook ke fitarwa yana ɗumama dubban gidaje. Ƙasar Finlan ma haka take yi, inda birnin Helsinki ya rufe tashoshinsa biyu na kwal a 2023 da 2025, bututun kuwa yana nan yana aiki.

Inda aka yi sakaci

Tarayyar Sobiyat ta gina wannan tsari da yawa ƙwarai, ta fara shi a Leningrad a 1924, kuma har yau na birnin Mosko yana cikin mafi girma a duniya. Amma an gina shi ne ba tare da la'akari da farashi ba. A yawancin gidaje babu mita, babu makunnin rage zafi, ana cajin mutum gwargwadon faɗin ɗakinsa ne, saboda haka wanda zafi ya dama sai ya buɗe taga a tsakiyar hunturu. Bayan rushewar tarayyar a 1991 kuɗin gyara ya yi ƙaranci, bututai suka tsufa suna yoyo, zafi mai yawa yana salwanta a hanya. A watan Janairun 2024 dubban mutane a Podolsk, kusa da Mosko, sun yi kwanaki ba ɗumi cikin tsananin sanyi bayan tsarin yankin ya lalace. Bugu da ƙari, yaƙin Yukren ya nuna haɗarin rataya gari guda a kan tasha ɗaya, domin hare-haren da aka kai wa tashoshin wuta da zafi a Kharkiv da wasu birane sun raba jama'a da wuta da ɗumi a lokaci guda.

Injin da ke Mosko da wanda ke Kofanhagan kusan iri ɗaya ne. Bambancin yana wajen mita, da farashin da ya ɗauki kuɗin gyara, da kuma hukumar da abokin ciniki zai iya tuhuma.

Abin da ya shafe mu

Babu wanda zai shimfiɗa bututun ɗumama gidaje a Legas ko Kano. Ko a Jos da tsaunin Mambila, sanyin hunturu na 'yan makonni bai isa ya biya kuɗin bututu ba. Amma buƙatar zafi tana nan jingim a masana'antu. Masaƙa tana buƙatar tururi wajen rini da busar da yadi, kuma waɗanda suka san tarihin masaƙun Kaduna da Kano suna tuna yadda tsada da ƙarancin baƙin mai na tukunya suka haɗu da rashin wuta wajen durƙusar da su. Injinan shinkafa na Kano da Kebbi da Jigawa suna turara shanshera da tururi sa'an nan su busar da ita. Majemun zamani na Challawa, da matatun man gyaɗa da na waken soya, da kamfanonin madara da lemo da sabulu, da wuraren wanki na otal da asibiti, duk suna dafa ruwa kullum. A wurare da yawa za a tarar da janareta yana watsa zafi a iska a wannan kusurwa, tukunya kuma tana ƙona wani mai a waccan kusurwa, taku kaɗan ne tsakaninsu.

Ga misalin lissafi. Lita ɗaya ta man dizal tana ɗauke da ƙarfin wajen yunit 10, irin yunit ɗin da mitar wuta ke ƙirgawa. Janareta mai kilowat 1,000 idan yana aiki da cikakken ƙarfinsa yakan sha kamar lita 270 a awa, wato yunit 2,700, ya ba da wuta yunit 1,000. Daga cikin yunit 1,700 da suka rage ana iya kama wajen 1,000, kusan rabi daga hayaƙi mai zafin digiri 400 zuwa 500 wanda ya isa ya yi tururi, sauran daga ruwan sanyaya inji mai zafin digiri 80 zuwa 90. Tukunya mai cin moriyar kashi 80 sai ta ƙona lita 125 a awa kafin ta ba da wannan zafi. Idan masana'antar tana aiki awa 16 a rana, kwana 300 a shekara, tsimin ya kai lita 600,000. In mun ƙaddara lita naira 1,000 ce domin sauƙin lissafi, naira miliyan 600 ke nan a shekara. Idan tururi kaɗai take buƙata, ba ta da abin yi da ruwan zafi, sai a raba adadin biyu.

Wata riba tana wajen abin da ake zubarwa. Kowane tan na rake yana barin wajen kilo 300 na tuka bayan an matse shi, kuma matatun sukari a duk duniya da ita suke yin tururi da wuta. Ƙasar Morishas ta fito da shiri na musamman a 1991, aka sauya tsofaffin tukwane da masu matsi mai ƙarfi, har matatun sukari suka riƙa sayar wa ƙasa wuta mai yawa. Birazil da Indiya ma haka suke yi. Wannan darasi ne ga matatunmu na Numan da Bacita da Sunti. Haka nan buntun shinkafa, wanda ya kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera, yana iya yin tururin da zai fara juya inji ya ba da wuta kafin ya wuce wajen turara shinkafa.

Sanyi daga zafi

Babbar buƙatar biranenmu sanyi ce, kuma zafi yana iya samar da shi. Dattawa suna tuna firji mai kananzir, wanda 'yar wuta ke ci a ƙarƙashinsa amma ruwa yana ƙanƙara a cikinsa. Akwai manyan na'urori masu aiki da wannan hikima, suna karɓar tururi ko ruwan zafi su ba da ruwan sanyi mai digiri 6 ko 7, wanda ake zagayawa da shi cikin gini ta bututu. Na'ura mai sauƙin ƙira takan ba da sanyi yunit 7 daga zafi yunit 10. Ke nan zafin janaretan misalinmu zai ba da sanyin kilowat 700, daidai da na'urorin sanyaya ɗaki 200 masu ƙarfin doki ɗaya da rabi, kuma wutar da za su ci ta huta. Otal, asibiti, jami'a, babban kanti da ɗakin ajiyar kifi ko kayan gwari su ne suka fi dacewa da wannan.

Rarraba sanyi ta bututu ga unguwa guda kuwa ya zama babban kasuwanci a ƙasashen Larabawa, inda kamfanin Tabreed na Abu Dabi, wanda aka kafa a 1998, da Empower na Dubai ke sayar da ruwan sanyi ga dubban gine-gine. Alhazai sun ɗanɗani irin wannan tsari, domin sanyin Masallacin Madina daga wata tasha yake zuwa mai nisan wajen kilomita 7, ta bututun da ke bin ramin ƙarƙashin ƙasa. Yawancin waɗannan tashoshi da lantarki suke aiki, amma tsarin kasuwancin ɗaya ne da na Denmak: tushe guda, bututu biyu, mita a ƙofar kowa.

Sharuɗɗa da cikas

Sharaɗi na farko shi ne yawan sa'o'in aiki. Janaretan da ake kunnawa sai an ɗauke wuta kawai ba zai biya kuɗin na'urar kama zafi ba. Abin ya fi dacewa da injin da ke aiki dubban awoyi a shekara, kuma ana buƙatar wutarsa da zafinsa a lokaci ɗaya. Na biyu, ƙwararru sukan auna girman injin da buƙatar zafi ne, domin rarar wuta tana da mai saye, rarar zafi kuwa da wuya. Na uku, kusanci: mai sayen zafin ya kasance cikin harabar masana'anta ko maƙwabci na kusa. Na huɗu, ruwa mai tsabta da ma'aikata masu horo, domin ruwa mai gishiri yana toshe bututu, tukunyar da aka yi wa sakaci kuwa tana iya fashewa.

Sai batun mai. Masana'antun Ikeja da Agbara da Ota suna samun gas ta bututu, wanda ya fi dizal araha, kuma injin gas ne ya fi dacewa da wannan tsari. Na Arewa suna dogara da dizal da baƙin mai da gas ɗin da ake kawowa a mota, idonsu yana kan bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Duk mai shirin sayen injin gas a Sharaɗa ko Bompai ko Kakuri, zai fi masa araha ya saye shi tare da na'urar kama zafi tun farko, maimakon ya zo yana ƙari daga baya.

Ta fuskar doka, Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara kasuwar wuta a cikin iyakokinsu, kuma jihohi irin su Inugu da Legas sun karɓi wannan iko. A watan Afrilun 2024 an ɗaga farashin yunit ga masu rukunin A zuwa naira 225, abin da ya ƙara wa wutar da masana'anta ta samar da kanta daraja. Abin da hukumomin jihohi za su koya daga dokar Amurka ta 1978 shi ne su fayyace wanda zai sayi rarar wuta da kuma farashinta. Abin koyi daga Denmak kuwa shi ne, kafin a yanka filaye a sabuwar unguwar masana'antu, a fara auna tururi da sanyin da za a buƙata, a zaunar da masu buƙatar kusa da tashar wuta, a bar hanyar bututu. Yin haka a kan takarda ba ya cin komai, amma fasa titi bayan an gama gini yana da tsada.

Babban cikas shi ne jari da amana. Na'urorin daga waje ake sayo su da dala, ruwan bashin banki yana da yawa, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Idan kuma masana'antu biyar za su dogara da tukunya ɗaya, dole a sami yarjejeniya a rubuce mai bayyana farashi, da mita da kowa ya yarda da ita, da tukunyar ko-ta-kwana, da diyyar da za a biya ranar da tururi ya yanke. Ƙungiyoyin masu masana'antu da majalisun ciniki suna da rawar takawa a nan, kamar yadda ƙungiyoyin gama kai suka taka a Denmak.

Matakin farko ba ya buƙatar dala. Mai masana'anta ya sa a riƙa rubuta masa, har tsawon wata uku, litar da janareta ya sha da awoyin da ya yi, da litar da tukunya ta sha da awoyin da ta yi, da wutar da na'urorin sanyi ke ci. Idan alƙaluman suka nuna cewa janareta da tukunya suna aiki tare mafi yawan yini, to ya kira injiniya ya yi masa ƙiyasin kuɗin na'ura, ya raba shi da kuɗin man da zai tsimin a shekara. Amsar da ta fito ita ce yawan shekarun da jarin zai ɗauka kafin ya dawo, kuma da ita ce zai tunkari banki.